Bangon da Yake Yi wa Hajiya Tabawa Tausa

Duk wanda ya shigo rumfata ya ce yana son koyon wayarin, ba filaya nake fara miƙa masa ba. Wancan dunƙulen ƙasar da kuke gani a kan kanta nake sauko masa da shi. Sai ya juya shi, ya ƙara juyawa, wani har shinshinawa yake yi, ya ce Baba Lawal, wannan kuma mene ne? In ce masa riƙe dai, nemi wuri ka zauna. To ku ma yau ku nemi wuri, tunda jiya da kunnena na ji kuna cewa aikin wuta ba komai ba ne, ja da baƙi ne kawai, ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ka kaɗe rigarka ka tafi. Wai kun kalla a wayar hannu, wani mai farar riga ya gama ɗaki guda kafin shayi ya huce. Madalla da shi. Ni dai ban taɓa ganin mai farar rigar nan a cikin soron ƙasa na cikin garin Daura ba.

A garin nan in ka ce Lawal mai wayarin, sai a tambaye ka wanne. Ka ce Lawal Bahago, ko akuya ta san rumfar. Ku riƙe wannan bahagon a ranku, zai dawo.

Wanda ya koya mini aiki Oga Iro ne, Allah ya jiƙansa. A Kano ya koyo, ya dawo gida da jakar kayan aiki da bakin da ba ya gajiya. Shekara biyu na yi a hannunsa ban taɓa waya mai wuta ba. Tsani nake ɗauka, in miƙe tsofaffin ƙusoshi da 'yar guduma, in tsince kilif ɗin riƙe waya da ya faɗi ƙasa. In na yi ƙorafi sai ya ce ai tsanin ma bai gama sanina ba. Darasinsa na farko kuwa har yau da shi nake ci: kafin ka taɓa komai, ka zare fis ka sa a aljihunka. Ba a kan taga ba, ba a kan mita ba, a aljihunka. Dalili, gidajenmu cike suke da masu taimako. Kana can sama ka tuɓe waya da haƙori, wani bawan Allah zai shigo daga kasuwa ya ga fanka ba ta juyawa, ya ga fis a ajiye, ya ce kai, wane marar hankali ne ya cire wannan? Ya mayar maka. Shi kansa Oga Iro an taɓa yi masa wannan taimakon, shi ya sa ɗan yatsansa ɗaya ba ya lanƙwasuwa.

Abu ɗaya ne ya gagare shi a kaina, hannun hagu. In za a haɗa waya biyu, ana tuɓe su ne a murɗe jan ƙarfen. Kowa murɗinsa dama yake tafiya, nawa hagu. Ya buge mini yatsu da bayan sukudireba har ya gaji. Ranar da ya haƙura sai ya ɗaga haɗin da na yi, ya dube shi a rana, ya ce: “Shi ke nan, Lawal, ka huta da sa hannu. Ko bayan ranka aka tono wannan, an san kai ne.” Na yi dariya, na ɗauka yabo ne.

Ku da kuka tashi kuka ga ginin bulo, ba ku san yadda muka sa wa gidajen da wuta ba. Bangon ƙasa ne, rufin azara. Ba a fasa bango a binne bututu kamar yanzu. A kan fuskar bangon ake jan waya, a bi ta da kilif. Gida guda ƙwai biyu ko uku, da soket ɗaya na rediyon maigida, an gama, har maƙwabta su shigo kallo. Siririyar wayar nan ƙwai uku aka yi ta domin su. Yau kuma ku shiga gidan ku gani. Ɗa ya aiko da firij daga Abuja, 'ya ta kawo dutsen guga, suruka na da hitar dafa ruwa, jikoki kowa da cajarsa, duk a kan wayar da aka ja tun maigidan yana da baƙin gemu. Wayar ta yi zafi, fis ya tsinke don ya ceci gidan, sai a ji haushin fis ɗin. A naɗa masa waya mai kauri. In ta tsinke a sa ƙusa. A garin Dutsi na taɓa buɗe wani na tarar da hannun cokalin shayi a ciki, an fefe shi ya shiga daidai. Mai gidan yana tsaye a bayana yana alfahari, wai shekara uku ke nan bai ƙara tsinkewa ba. Na ce masa ai ba zai tsinke ba, Alhaji, gidan ne zai tsinke a madadinsa.

Wannan duk kowane gari akwai. Namu na musamman shi ne yaɓe. Kun san kafin damina kowane mai gidan ƙasa yana kiran magini, musamman saboda bangon gabas da ruwa yake duka. A yaɓe waje, in ciki ya tsage a yaɓe ciki, mata su bi da farar ƙasa. To magini ba ruwansa da waya. Ba zai cire ta ba, ba zai kira ka ba, bi ta kai zai yi da laka ya shafe sumul. Bana yatsa ɗaya, baɗi yatsa ɗaya. Bayan shekara goma babu wanda ya san inda wayar ta bi, har wanda ya ja ta. Sai amarya ta zo kafa ƙusar labule, ta kafa a tsakiyar wuta. Shi ya sa in na shiga tsohon gida ba na fara duba mita. Tsohuwar gidan nake nema in gaishe ta, in tambaye ta inda ta tuna waya ta bi.

Aikin farko da na yi ni kaɗai a gidan Malam Haruna ne, wani malamin zaure da magidanta suke ɗaukar karatu a wurinsa a cikin gari. Soket yake so a ɗakinsa, a jikin bangon gabas, kusa da inda yake shimfiɗa buzu, don ya riƙa jin rediyo ba sai ya sayi batir ba. Ranar Oga Iro zai tafi Baure. Ya auna mini waya daidai wa daida, ya ba ni guntun salatif ɗin naɗe haɗi, ya ce in na ɓata ko taƙi ɗaya kada ya dawo ya same ni. Ni kuwa don rawar jiki na yanke ta ba daidai ba. Na jawo daga azara na gangaro, sai ta tsaya, saura kamu guda ta kai soket. Na tsaya ina kallon bango, bango yana kallona. Na lalubo wani guntu a ƙasan jaka na murɗa na ƙara. Salatif kuma ya riga ya ƙare a sama.

Matar Malam, Hajiya Tabawa, lokacin ba ta je Makka ba, ta aiko mini da shayi da biredi. Na cinye biredin, na dubi ledar. Na yayyaga ta na naɗe haɗin tamau, na ɗaure da zare, na buga kilif biyu a kai don kada ya ja ido. Na ce a raina gobe da sassafe zan zo da salatif in gyara. Aka kunna rediyo ta yi magana, Malam ya sa mini albarka har kunya ta kama ni. Goben nan ta ɗauki kusan shekara talatin ba ta zo ba.

Oga Iro ya rasu, Malam Haruna ya rasu, na buɗe rumfata, na yi aure, gemu ya yi fari. Wallahi ko sau ɗaya ledar nan ba ta faɗo mini a rai ba.

Sai shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone. Wasunku sun tuna. Farkon damina ta yi ƙara ta yi hayaƙi, shi ke nan, aka shiga watanni ba wuta. Mai wayarin a unguwar da babu wuta, wa zai neme shi? Na gyara tocila, na gyara rediyo mai batir, na bi masu sola ina riƙe musu tsani da furfurata. Daga baya na tafi gonar yayana muka yi noman gero, fartanya ta nuna mini cewa hannun filaya hannun banza ne. In na dawo sai in zauna a nan ina korar ƙuda daga kan kwalayen ƙwai. Rashin aikin ne ma ya sa na fara yawon gaishe-gaishen da na daɗe ban yi ba, har wata Litinin ƙafa ta kai ni gidan marigayi Malam.

Na sami Hajiya Tabawa a ɗakin Malam, don tun da ya rasu ta koma ciki. Ta tsufa amma bakin yana nan garau. Muka gaisa, na tambayi jiki, ta ce jiki ba daɗi, bayan nan ya dawo mata sabo fil, tun da bango ya daina aiki. Na ce wane bango? Ta nuna bangon gabas da carbinta kamar mai nuna maƙwabci.

Ta ba ni labari tiryan-tiryan. Wai damina huɗu ko biyar ke nan, in ruwa ya zauna sosai bangon ya sha ya yi sanyi, in ta zauna a wurin zaman Malam ta jingina, sai ta ji wani abu yana shiga bayanta tsir-tsir-tsir, kamar tururuwa masu ladabi. Ya bi kafaɗa, ya gangara ƙugu. In ta tashi sai ta ji ta sakayau. Da rani ba ya yi, sai da damina. Ta ce ta san ko mene ne: wurin da bawan Allah ya shekara arba'in yana jingina yana karatu ai ba zai tashi a banza ba. Ƙawayenta biyu ma suna zuwa, ana yi bi da bi, kowa da lokacinta. Har wata ta taɓa shigo mota takanas daga garin Babban Mutum da ciwon kafaɗa.

Ina tsugune ina cewa ikon Allah, ikon Allah, ina bin bangon da ido. Ga soket a ƙasa, ya yi baƙi don tsufa. Ga waya ta fito daga azara ta nutse cikin yaɓe. Na auna da ido daga soket zuwa sama, kamu guda. Daidai kafaɗar mutumin da yake zaune. Sai na ji ƙamshin biredin nan a hancina, na rantse muku. Nan take na tuna da haɗin da na naɗe da leda.

Ga abin da ya sa tsorona ya ninka. Tsohuwar taransifomar da ta ƙone ta daɗe da gajiya, wutar da take ba mu ƙwai ja yake yi kamar tumatir. A wannan ragowar wutar Hajiya take shan tausarta. Sabuwa kuwa ta riga ta iso, babba, an ɗora ta, masu aikin sun ce ranar Juma'a za su saki wuta. Ga shi muna tsakiyar watan da ruwa ba ya ɗagawa. Ranar Juma'a tsohuwar nan za ta ji yara sun yi ihun an kawo wuta, ta gyara zama ta jingina da jiƙaƙƙen bango mai cikakkiyar wuta a ciki.

Na ce mata Hajiya, wannan abin lantarki ne, kuma kisa yake yi. Ta dube ni kamar na ce mata rijiya sama take. Na ce to ba ki lura ranar da wuta ta tafi ya daina ba? Ta ce ta lura sarai, kuma ta san dalili: matar Babban Mutum ɗin nan ce ta ajiye kuɗi a gindin bangon kafin ta tafi, kamar wurin boka, shi ne abin ya yi fushi. Ta riga ta yi sadakar waina, tana sa ran ya huce. Na ce a bar ni in buɗe bangon in duba. Ta ce bangon da Malam ya jingina ba mai sa masa ƙarfe tana raye.

Na yi abin da Oga Iro ya koya mini, na fita zaure na zare fis na jefa a aljihu. Tana jin ƙarar ta ɗaga murya daga ɗaki, tana dariya, ta ce in tafi da shi in yi miya, gidan da cokula. Gaskiyarta kuwa. Ko wayar sandar wuta na sa aka yanke, kafin la'asar wani mai taimako ya mayar.

Na kira ɗanta, Alhaji Sabi'u, yana Kudu ya kai shanu. Ya tsorata, ya ce a yi duk abin da ya kamata, a canza wayar gidan gaba ɗaya ma, shi zai ɗauki nauyi. Amma fa sai Hajiya ta yarda, don shi bai isa ya sa a taɓa ɗakin nan ba. Sannan ya hau faɗa, wai duk laifin Ɗan'asabe magini ne da yake binne wayar mutane da laka, in ya dawo sai ya kai shi gaban mai unguwa. Kun san me na ce? Na ce uhm. Ƙato da ni, da jikoki, na ce uhm na kashe waya.

Talata na koma da wa'azi, ban ci nasara ba. Laraba na koma da labaran mutanen da wuta ta kashe, na ƙara gishiri a wasu, ta ce Allah ya jiƙansu, su ai ba bangon Malam suka jingina da shi ba. Na fito na zauna a dakalin ƙofar gida. A nan na gane cewa muddin ina cewa “wata waya”, “wani haɗi”, ba za ta saurare ni ba, don a wurinta gardama ce tsakanin Malam da wani abu marar suna, kuma Malam ne zai ci. Sai in abin ya sami suna. Sunan kuwa nawa ne. Ni da nake zagin aikin yara a bainar jama'a, ni da ake kira in duba aikin wasu. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, amma kunya ba ta kai gawa nauyi ba.

Ranar Alhamis da hantsi na biya na ɗauki Ɗan'asabe, tunda bangon aikinsa ne kuma sunansa ne yake shirin ɓaci. Muka shiga muka tsuguna.

Na ce, “Hajiya, kin tuna ranar da aka sa soket ɗin nan? Kin aiko mini da shayi da biredi.”

Ta ce, “Na tuna. Ka cinye ko tayi ba ka yi wa almajiran Malam ba.”

“To ledar biredin tana cikin bangon nan. Waya ce ta gaza mini, na yi ƙari, na rasa abin naɗewa na naɗe da ita. Na ce zan dawo gobe, ban dawo ba. Ledar ce ta ruɓe, in bango ya jiƙe wuta take bi ta shiga bayanki. Ba Malam ba ne, Hajiya. Shirmena ne.”

Ta ci gaba da jan carbinta. Na ce ta ba ni wuri ɗaya tak, faɗin tafin hannu, ni zan nuna. In an tona ba a sami leda ba, in an samu kuma murɗin bai tafi hagu ba, zan yaɓe wurin da hannuna, kuma ba zan ƙara yi mata maganar ba. Ta dubi Ɗan'asabe, ta dube ni. Ta ce tafin hannu ɗaya, kuma da bismilla.

Na auna kamu guda daga soket na zana da yatsa. Ɗan'asabe ya sa bakin cokalinsa na gini yana ɓanɓarowa a hankali. Yaɓe hawa-hawa, yana ƙirgawa yana cewa wannan nawa ne, wannan ma nawa ne, wannan na babana ne. Ƙasar a jiƙe sharkaf har ciki. Can sai ga kilif biyu sun yi tsatsa. Ya zagaye su ya ciro dunƙulen gaba ɗaya, na yanke wayar sama da ƙasa. Muka fito da shi bakin ƙofa wurin haske. Ga ledar nan ta zama kamar busasshen ganye, ga jan ƙarfe tsirara ya yi kore. Ɗan'asabe ya kanne ido ɗaya ya bi murɗin da farce, ya ga hagu ya tafi. Sai ya zauna daɓas a ƙasa ya kama dariya har da tari. Ya ce shekara nawa ina ce masa makahon magini, ashe ni ne nake ba shi ajiya yana rufa mini asiri.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta karɓi dunƙulen ta riƙe a cinya, ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi ramin da ke bangon. A hankali ta ce ita kullum in ta ji abin nan sai ta ce masa sannu Malam. Nan dariyar Ɗan'asabe ta ɗauke. Ni kuwa da ƙasa za ta buɗe da na shige. Na zo ceton ranta na ƙwace mata abin da take tashi da shi kowace safiya.

Ina sunkuye sai idona ya faɗa kan daɓen ɗakin. Na taɓa, danshi ne har yana kama hannu. Abin ya ɗaure mini kai a matsayina na mai sana'a, don mutumin da yake zaune a kan wannan danshin ya jingina da wancan bangon, ko da ragowar wuta ce, ba tsir-tsir zai ji ba. Na ce ta nuna mini yadda take zama. Ta jawo tabarmar roba ta shimfiɗa. Ta ɗauko tsohon buzun Malam mai kauri daga kan gado, inda take ajiye shi don kada ya yi sanyi, ta ɗora. Ta hau ta naɗe ƙafafu tsaf, ko yatsa bai leƙo waje ba. Ta ce haka Malam yake zama, kuma ba ta yarda kowa ya jingina sai a kan buzun, da ƙafa a naɗe, don ladabi. Har matar Babban Mutum sai da ta naɗe.

Na ce, “Hajiya, wuta hanyar ƙasa take nema. In ta shiga jikin mutum ta sami hanyar fita ƙasa, ta gama da shi. Busasshen buzun nan ne ya tare mata hanya. Da sau ɗaya kin miƙe ƙafa ta taɓa daɓen nan, da tuni an yi sadakar arba'in.”

Ta dubi buzun. Ta shafa shi.

Ta ce, “Wato wutar taka ce, buzun nasa.”

Na ce haka ne.

“To ba ga shi ba. Kwana huɗu ina ce maka Malam ne, kana ta gardama.”

Daga nan ta ce mu fasa duk inda za mu fasa. A ranar nan da kuma washegari da safe muka yi aikin da ya kamata a yi wa kowane tsohon gida a garin nan. Na zare tsohuwar waya duk inda na iya cim mata, wadda ta nutse kuma na kashe ta daga tushe. Na ja sabuwa mai kauri a cikin bututun roba a fuskar bango, inda kowa zai gani, na ce wa Ɗan'asabe in ya ƙara binne mini ita ni da shi ne. Babu haɗi ko ɗaya a tsakiyar hanya, duk haɗi a cikin akwatinsa. Firij layinsa daban. Na cire gidan fis na sa bireka mai faɗuwa da kanta in wuta ta fara zurarewa, wadda ba ta da ramin da za a cusa cokali. Muka haƙa rami a tsakar gida muka kafa sandar jan ƙarfe, muka zuba gawayi da gishiri, don wutar da ta ɓata hanya ta bi can maimakon jikin mutum. Hajiya tana kallo daga kujera tana cewa yau ta ga masu yi wa ƙasa miya.

Bayan an sauko daga Juma'a aka saki wuta, ruwa kuma yana zuba kamar an aiko shi. Ƙwan ɗakin ya kama fari tas. Na bi bangon da testa mai fitilar gwada wuta tun daga sama har ƙasa, ba ta ko ƙyafta ba. Na sa bayan hannuna, sanyi kawai. Hajiya ta hau buzu ta jingina, ta rufe ido, muka jira. Ta buɗe ta ce, “Ka kashe mini bango, Lawali.” Na ce na kashe. Ta ce to daga yau man zafin bayanta a wuyana yake.

Kafin sati labarin ledar biredi ya gama Daura, don Ɗan'asabe ba ya iya riƙe ko tari. Na kira Alhaji Sabi'u na janye uhm ɗina. A wurin mai shayi wata guda ana tambayata ko a ajiye mini ledar biredin. Na sha, ban mutu ba. Na ɗauki jakata na bi duk gidajen da na yi wa aiki a shekarun farko, ɗaya bayan ɗaya, ina sallama ina cewa na zo duba aikina. Na sami wasu haɗin biyu da ba zan so a tono bayan raina ba.

To miƙo dunƙulen nan ya zagaya. Ku leƙa ciki, ku ga inda murɗin ya nufa. Aikin rabin sa'a ne wannan, na yaro mai tsoron faɗan maigidansa, ya zauna shiru cikin laka yana jiran bayan wata tsohuwa. Ja da ja ne kuwa, baƙi da baƙi, ban kuskure launi ba.

Har yanzu duk damina ina kai mata man zafin. Bana da na je na same ta a wurin nan dai, kan buzu, ƙafa a naɗe, baya a jikin bango. Na tsokane ta na ce Hajiya, me kuma ake jira a bangon da ba ya aiki?

Ko ido ba ta buɗe ba. Ta ce, “Wutarka ce ta tafi, Lawali. Shi yana nan.”